Darasi Na Goma Sha Bakwai: Kalmar *Expectant* Da 'Yan'uwanta

Daga cikin kalmomin Turanci waɗanda magidanci ko uwargida sukan ci karo da su ba tare da sun nema ba, ko a jikin bangon asibiti, ko a katin awo, ko a wasiƙar da ta fito daga ofis, akwai wasu 'yan gida ɗaya masu kama da juna ƙwarai, waɗanda dukkansu suke farawa da haruffa shida iri ɗaya, watau *expect*, amma ƙarshensu ya saɓa, ma'anarsu kuma ta saɓa gwargwadon saɓanin ƙarshen nan. A wannan darasi za mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, ita ce *expectant*, mu bi ta a tsanake har mu san asalinta da aikinta da wuraren da ba ta shiga, domin wanda ya riƙe ta da kyau, sauran ba za su ba shi wahala ba.

Lafazinta gaɓa uku ne, ik da spek da tant, ƙarfin murya kuwa a kan gaɓar tsakiya yake sauka. Harafin *x* da ke cikinta sauti biyu ne a haɗe, na *k* da na *s*. Harafin *p* shi ne yake neman kulawa, saboda harshenmu ya saba mayar da shi *f*, alhali shi sai an rufe leɓɓa ruf, sa'an nan a sake su da 'yar iska. Ku maimaita ta bayan malaminku har baki ya saba, kada kowa ya ji kunyar furfurarsa.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, harshen Rumawan dā, wanda Turanci ya ɗebi kalmomi masu yawa daga gare shi, kamar yadda Hausa ta ɗeba daga Larabci. Guntaye biyu aka haɗa: *ex*, ma'anarsa waje, da *spectare*, ma'anarsa kallo ko dubawa. Wannan saiwa ta kallo ita ce a cikin *spectacles*, watau tabarau, da *spectator*, ɗan kallo, da *inspector*, wanda Hausa ta ara tun zamanin En'e ta mayar da shi sufeto. Ashe ke nan tushen maganar shi ne mutum ya leƙa waje yana duba, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, tun da yake idan ya yi baƙon da ya yi alkawarin zuwa, cewa yake yi yana duban hanya, ko ya zuba ido.

Ku tuna da yammacin ranar 29 ga watan Azumi a nan Tudun Jukun. An sha ruwa, an sallame Magariba, sai ka ga dattawa da samari da yara sun fito sun tsaya a inda gini bai tare musu sararin sama ba, kowa ya fuskanci yamma, wani ya kāre goshinsa da tafin hannu, wani ya kara rediyo a kunne yana sauraron ko sanarwa za ta fito daga fadar Sarkin Musulmi, hira ta yi ƙasa, har mai tallan da ke wucewa ya sassauta murya. Mutanen nan ba su ga jinjirin wata ba tukuna, ba su kuma da tabbacin ganinsa a daren, amma suna da hujjar tsayuwarsu, domin lissafi ya kai, kuma zukatansu sun riga sun tafi ga abin da suke jira. Wannan hali, na jira tare da ɗoki da kyakkyawan zato, shi ne Bature yake kira *expectant*. Zai ce *The expectant crowd looked at the sky*, watau jama'ar da ta zuba ido cikin ɗoki ta dubi sama. Shirun da ya sauka a wurin ma yana da suna a bakinsa, *an expectant silence*, shirun masu jiran wani abu ya auku, wanda ya bambanta da shirun makoki ko shirun mai fushi. Fuskokin yaran da aka ɗinka wa kayan Salla kuwa *expectant faces* ne.

To, shi watan fa, me za a kira shi? A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, kuma a nan ne nake so mu daɗe. Wata ba ya jiran kowa, shi ake jira, saboda haka ba a ce masa *expectant*, sai dai *expected*. Wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya karanta nahawu da sarfu, wannan bambanci ba sabo ba ne a wurinsa, domin shi ne bambancin da ke tsakanin ismul fa'ili da ismul maf'uli, sunan mai aikatawa da sunan wanda aiki ya faɗa a kansa. Balarabe yana cewa muntazir ga mai jira, ya ce muntazar ga wanda ake jira, ba abin da ya raba su sai wasalin harafin da ke kafin na ƙarshe, kisira a ta farko, fataha a ta biyu; shi ya sa a littattafai ake ce wa Mahadi almuntazar, da fataha, saboda shi ake dako. Abin da wasali ɗaya ya yi a Larabci, shi ne ƙarshen kalma yake yi a Turanci. Ƙarshen *ant* yana nuna mai yi, kamar a *servant*, mai hidima, da *applicant*, mai neman aiki, da *accountant*, akanta mai riƙon lissafi. Ƙarshen *ed* yana nuna wanda aka yi wa. Manoman da suka gama sharar gona a watan Mayu suna duban gabas ko hadari zai haɗo, su ne *expectant farmers*, ruwan da suke jira kuwa shi ne *the expected rain*. Iyalin da suka share gida suna jiran dawowar alhaji *expectant* ne, alhajin da ke cikin jirgi *expected* ne. Duk lokacin da kuka rikice, ku tambayi kanku: wa ke da idon da ke duban hanya? Mai idon shi ne *expectant*. Daga nan za ku gane dalilin da ya sa ba a cewa *expectant date* ko *expectant salary*, domin rana ba ta da ido, albashi ma haka. Wanda ya zo ba zato ba tsammani kuwa, baƙo ne ko ruwan sama ko rasuwa, an yi masa kalma ta hanyar ƙara *un* a farko, aka ce *unexpected*.

Wanda ya buɗe ƙamus, ko da irin Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ne da aka buga a nan Zariya, zai sami taimako, amma ƙamus ba ya iya zaunar da mutum ya rarrabe masa darajojin jira, alhali kuwa suna da yawa. Mu muna da jira da dako da tsammani da zato da fata da buri da sa rai da ɗoki, kowanne da muhallinsa. Turawa kuma suna da fi'ilai uku da ya kamata a raba, *wait* da *hope* da *expect*. Na farko aikin jiki ne da lokaci, kamar wanda ya zauna a tasha har mota ta cika, yana so ko ba ya so. Na biyu aikin zuciya ne, shi ne abin da malamai suke kira raja'i, mutum ya so abu ya auku ko da hujjarsa ba ta da ƙarfi. Na uku aikin hankali ne. Malaman usulu sun jera mana matakan sani guda huɗu: yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa, da zanni, inda ɓangaren aukuwa ya rinjayi na rashinta, da shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi daidai, da wahami, wanda shi ne ɓangare mai rauni. *Expect* a matakin zanni take zaune, watau zato mai rinjaye wanda aka gina a kan dalili. Saboda haka mutum yana iya *expect* abin da ba ya so, kamar ɗan kasuwar da ya ga alamun faɗuwar farashi, amma ba ya *hope* sai abin da yake ƙauna. Malamin nan na cikin karin magana, wanda ya ƙi noma don zakka, tsammaninsa na warabbuka bai kai a kira shi *expect* ba, tun da bai shuka abin da zai dogara a kai ba, iyakarsa *hope*. Ita kuwa sifarmu *expectant*, abin da ya sa take da daɗi shi ne ta tattara ukun nan wuri ɗaya: akwai jira a cikinta, akwai dalili, kuma galibi akwai murna. Ba a cika faɗinta ga mai jiran mugun labari ba.

Ta fuskar nahawu aikinta mai sauƙi ne. Sifa ce, tana zuwa kafin sunan da take sifantawa, kuma ba ta sauya kama saboda namiji ko mace ko jam'i. Mu da muke cewa farin doki, farar riga, fararen kaya, ko mai jira da masu jira, nauyinmu ya fi nasu. Su *expectant father* da *expectant mother* da *expectant parents* duk siga ɗaya ce. Tana kuma iya zuwa bayan fi'ili, kamar a *The children were expectant*. Idan aka ƙara mata *ly* sai ta koma bayanin yadda aka yi aiki, a ce *He looked at me expectantly*, ya dube ni duban mai jiran amsa. Abin da ba ta yi shi ne ɗaukar maf'uli kai tsaye. Ba a cewa *I am expectant your reply*. Wanda yake rufe wasiƙa yana jiran amsa sai ya koma ga fi'ili ya ce *I am expecting your reply*.

Inda za ku fi ganin wannan kalma da idonku shi ne asibiti. A ƙananan asibitocin unguwa, da babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya daɗe a Tudun Wada kafin a mayar da mazauninsa Shika a 2005, kalmomin aikin awon ciki iri ɗaya ne, kuma *expectant mothers* na cikinsu, ma'anarta mata masu juna biyu. Turanci yana da kalmar da ta faɗi abin ƙarara, ita ce *pregnant*, mai ciki, kuma ita likitoci suka fi amfani da ita a tsakaninsu. Amma kamar yadda kunya ta sa muke cewa wance tana da juna biyu, ko ta yi nauyi, haka su ma suka nemi lafazi mai sutura, suka kira ta uwa mai duban hanya. Kada ku ɗauka kunya a wannan babi tamu ce mu kaɗai. A Amurka, a shekarar 1952, tauraruwar wani shahararren wasan talabijin mai suna I Love Lucy ta sami juna biyu, aka shigar da cikin a labarin wasan, amma masu gidan talabijin ɗin suka hana a furta *pregnant*, sai *expecting* aka yi ta faɗi. Ni a ganina lafazin yana da kyau ƙwarai, domin ya ba mace sunan uwa tun kafin ta sauka, ya kuma ba mijinta rabonsa da aka ce masa *expectant father*, abin da ke tuna masa cewa jiran nan da shi ake yi, kuma kuɗin mota zuwa awo da abinci mai gina jiki suna wuyansa.

Daga nan wata faɗakarwa ta fito, musamman ga iyayenmu mata da ke cikin aji. Idan mace ta ce *I am expecting* ta yi shiru ba ta ambaci abin da take jira ba, duk mai jin Turanci zai fahimci juna biyu gare ta. In baƙi take jira, sai ta cika zancen ta ce *I am expecting visitors*.

Ku ɗauki katin awo ku duba samansa, za ku tarar da wasu gajerun haruffa. *LMP* na nufin ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. *EDD* kuwa taƙaitawar *expected date of delivery* ce, ranar da ake tsammanin haihuwa. Ku lura *expected* aka ce, da yake ranar ake jira. Ana lissafa ta ne da ƙara kwana 280, watau mako 40, a kan ranar *LMP*, kuma hanya mai sauƙi, wadda ake jingina wa wani likita Bajamushe mai suna Naegele da ya rasu a 1851, ita ce a ƙara kwana bakwai da wata tara. Matar da al'adarta ta ƙarshe ta fara ranar 1 ga Janairu, za a rubuta mata 8 ga Oktoba. Sau da yawa akan ji uwar miji tana cewa, «Yo ai sun ce ran takwas ga wata, ga shi yau sha biyu shiru, ashe dai likitocin nan ba su san komai ba.» Wata kuma, mai tsoron Allah, takan ce, «Ni ban yarda da katin nan ba, wa ya san gaibu in ba Allah ba?» Dukkansu biyu kalmar ce ta kuɓuce musu. Ma'aikaciyar da ta rubuta ranar ba ta yi da'awar yaƙini ba, ba ta kuma shiga hurumin abubuwan da Allah Ya keɓe wa Kansa saninsu, waɗanda aka ambata a ƙarshen Suratu Luƙman. Zanni ta rubuta, kuma kalmar *expected* da kanta shaida ce a kan haka. Kaɗan ne daga cikin jarirai suke zuwa a daidai ranar da aka rubuta, yawancinsu suna zuwa ne tsakanin mako na 37 da na 42. Amfanin ranar shi ne a yi tanadi, a san lokacin da za a haɗa kayan haihuwa, a san mai abin hawan da za a tasa ko da tsakar dare ne, wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kuma ta tafi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce mai juna biyu ta sadu da ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin makonni 12 na farkon ciki, maimakon sau 4 da ake cewa a dā. Idan kuwa aka ga zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko jijjiga, to babu sauran duban ranar da ke kan kati, asibiti za a nufa a take. Wani lokaci kuma likita yakan rubuta *expectant management*, ma'anarsa ya zaɓi a dakata ana lura da majiyyaci ba tare da gaggawar tiyata ko wani magani ba, wanda ya ga haka kada ya zaci an yi watsi da shi ne.

A wasiƙun ofis da na makaranta *expected* tana da wata fuska dabam, wadda rashin saninta yakan jawo asara. Idan aka rubuto wa mai neman aiki *You are expected to report at 8 a.m.*, ba ana gaya masa abin da ake zato ba ne, ana gaya masa abin da ya wajaba a kansa ne cikin ladabi, ya zo ƙarfe takwas na safe ba fashi. Haka idan shugaban makaranta ya rubuta *Parents are expected to attend*, halartar iyaye ta zama tilas. Dokar da za ku riƙe ita ce, idan *expected to* ta biyo bayan mutum a takardar hukuma, umarni ce. Idan ta biyo bayan abin da ba shi da zaɓi, kamar ruwan sama ko jirgin ƙasa, to hasashe ce.

Saura abu biyu, kuma su ne suka fi damuna, domin kuskure a cikinsu yana taɓa lafiya. A jikin kwalabar maganin tari sau da yawa za ku ga an rubuta *expectorant*. Ido mai sauri zai ɗauka *expectant* ce, har mai juna biyu ta zaci maganin nata ne, alhali babu dangantaka tsakaninsu ko kaɗan. Wannan daga kalmar Latin mai nufin ƙirji aka samo ta, ma'anarta maganin da ke tsinka kaki ya fito da shi. Ku sa yatsa ku ƙirga: *expectant* haruffa tara, *expectorant* goma sha ɗaya, akwai *o* da *r* a tsakiyarta. Mai juna biyu ba ta shan irin wannan magani, ko wani ma, sai ta tambayi ma'aikacin lafiya. Na biyu shi ne haruffan *EXP* da ake bugawa a gindin kwalin magani ko gwangwanin madara, kusa da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Waɗannan taƙaitawar *expiry* ce, ranar da amfanin abin yake ƙarewa. In kun ga *EXP 08/2027*, to bayan watan Agusta na 2027 ba a sha, ba a ba yaro.

Mu mutanen wannan yanki muna da haƙƙi na musamman a kanmu game da karatun manya. Ba nisa da unguwar nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda ya zama mazaunin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma daga Zariya ne littattafan Yaƙi da Jahilci suka riƙa fita zuwa lardunan Arewa a shekarun 1950, lokacin da kakanninmu suke zama a gindin bishiya bayan La'asar suna koyon baƙi da wasali na boko. Su buƙatarsu ita ce su karanta takardar haraji da ma'aunin auduga da kansu. Tamu ta ƙaru, saboda takardun da ke shigowa gidajenmu yau yawancinsu da Turanci suke, kuma ba kowane sirrin iyali ne ya kamata a kai wa ɗan maƙwabta ya karanta ba.

Aikin da za ku yi kafin zama na gaba shi ne wannan. Kowa ya rubuta jimloli uku a littafinsa: ɗaya a kan jama'ar da suka cika ƙofar fadar Sarkin Zazzau ranar hawan Salla kafin a ji kakaki, ɗaya a kan mai martaba da ake jiran fitowarsa, ɗaya kuma a kan wani baƙo da ya sauka gidanku ba sanarwa, ya zaɓa wa kowace jimla wadda ta dace da ita daga cikin *expectant* da *expected* da *unexpected*. Bayan haka ku lissafa ranar *EDD* ta matar da *LMP* ɗinta ya kama 10 ga Maris. Sa'an nan kowa ya zo da kwalin magani ko gwangwani guda daga gida, wanda babu komai a cikinsa, mu karanta abin da aka rubuta a jikinsa tare. Katin awo kuwa kada a kawo na kowa sai da izinin mai shi.